Abokin hamayya ne ke gina jarumin anime, ko dai muna ƙara wa abin gishiri?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wanda bai gama Naruto ba ya yi haƙuri, zan taɓo ƙarshen labari.

Jiya da daddare na koma kan faɗan nan na saman rufin asibiti, inda malaminsu Kakashi ya faɗo tsakani ya cilla Naruto da Sasuke kowa jikin tankin ruwa. Sasuke ya dubi nasa tankin ya ga Chidori, dukansa na walƙiya, ta huda shi ruwa na kwarara, ya dubi na Naruto ya ga 'yar lotsawa ce kawai, har ya saki murmushi. Sai da ya dira ƙasa ya ɗaga kai ya ga bayan tankin Naruto a farke gaba ɗaya. Bai daɗe a garinsu Konoha ba bayan wannan kallon.

Kullum muna cewa Naruto ya shiga ranmu ne saboda surutunsa da son ramen da taurin kai. Haka ne. Amma yaron babi na 1 da mutumin da ya zama Hokage, wato shugaban garin, a babi na 700 ba ɗaya ba ne, kuma ni a ganina Sasuke ne ya yi wannan aikin. Kishimoto, marubucin Naruto, da kansa ya ce ba da Sasuke ya fara tsara labarin ba, editansa ne ya ce masa jarumi sai da abokin hamayya. To da editan ya yi shiru, kuna jin Naruto zai kai shekara 15 ana buga shi, daga 1999 har 2014?

Autan Zongo:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni fa ban yarda ba. Tun kafin Sasuke ya san da zaman Naruto, Iruka ne ya tare masa ƙaton makamin Mizuki da gadon bayansa, ya cire ƙarfen goshinsa ya ɗaura masa. Jiraiya ya koya masa Rasengan, babban dukansa. Kakashi ya nuna masa yadda zai yi horo da inuwoyinsa har ya haɗa iska da Rasengan. Shi Sasuke me ya ba shi? Hannu ya zira masa a ƙirji. A ce wanda ya soke ka shi ya gina ka, waɗanda suka ciyar da kai kuma a manta da su?

'Yar Damagaram:
Auta, maganarka tana kan hanya, amma kai da Ɗan Fagge duk da ƙarfin damtse kuke auna abin, ni kuwa ba can nake kallo ba.

Ku lissafa mutanen da Naruto ya juya wa zuciya. Zabuza, makashin haya, sai da ya zubar da hawaye a kan gawar Haku. Neji ya sauka daga kan maganar ƙaddara. Gaara ya nemi afuwar yayyensa. Tsunade ta karɓi sarautar da ta ce ta wawaye ce. Nagato da ya baje Konoha ya ba da ransa ya dawo da waɗanda ya kashe. Hatta Kurama, dodon nan mai wutsiya tara da ke cikin cikinsa, daga ƙarshe ya sauko. Yaron nan farin jininsa babu ƙofar da ba ya buɗewa, kuma nan haɗarin jarumi irinsa yake. Idan kowa na narkewa a gabanka, me zai sa ka sake hali?

Sasuke ne kaɗai maganin bai ci ba. A faɗansu na farko a kwarin nan mai gumaka biyu ya gaya masa abin da babu wanda ya taɓa gaya masa, cewa kai tun tashinka ba uwa ba uba, ina za ka san zafin wanda ya samu aka ƙwace masa? Naruto ya ce shi ma yana jin sa kamar ɗan uwa, amma wannan ba amsar tambayar ba ce. Ya sha kashi, Kakashi ya goyo shi gida, abin da ya rage masa sai ƙarfen goshin Sasuke mai ƙarzanen farce. Amsar ba ta zo masa ba sai da Pain, wato Nagato, ya kashe Jiraiya, ya ji da kansa yadda son ramuwa ke cin ƙirji. Shi ya sa ranar da ya tsaya gaban Nagato ya iya cewa ba ni labarinka tukuna. Da bai yi shekaru yana neman gane Sasuke ba, ba na jin zai tsaya sauraron wanda ya kashe malaminsa.

Iruka da Jiraiya sun ba shi abin da ya rasa. Sasuke ya nuna masa abin da bai sani ba.

Bakatsine:
To 'yar uwa, kawo wannan ma'aunin mu ɗora Goku a kai. Toriyama ya fara Dragon Ball a 1984 ya gama a 1995, littafi 42. Goku da Bulma ta tsinta a daji da Goku da ya tafi da Uub a shafin ƙarshe, wane hali ne ya canza? Ci, faɗa, dariya. Ba abin da aka taɓa.

Vegeta ne ya canza. Ya zo duniya a matsayin yarima yana kallon Goku ɗan talakawan Saiyan da aka yar. Ya yi kuka a Namek kafin ya cika. Ya zauna da Bulma, ya haifi Trunks. Ya miƙa kansa ga Babidi don kawai ya dawo da tsohuwar zuciyarsa, sannan ya rungume ɗansa karo na farko ya tarwatsa kansa a kan Buu. Daga ƙarshe yana tsaye yana kallon Goku na faɗa, ya amsa da bakinsa cewa Kakarot, wato Goku, shi ne na ɗaya. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne faɗansu na biyu. Vegeta ya sayar da mutuncinsa saboda wannan faɗan, ashe Goku na da Super Saiyan 3 bai fito da ita ba. Wannan hamayya ce ta mutum ɗaya. Goku ne ya gina Vegeta, shi kuwa ko Vegeta bai zo ba zai sami wani dutsen da zai ɗaga.

Ɗan Fagge:
Mutumina ka manta abu biyu. Lokacin da yayansa Raditz ya zo, Goku cewa ya yi shi ba Kakarot ba ne, shi Son Goku ne na wannan duniya, bai son ko jin sunan Saiyan. Yaushe ya karɓi asalinsa? Sai da ya haƙa rami ya binne Vegeta a Namek, ya juya ya fuskanci Frieza da sunan ramuwar ƙabilar da da yake gudu. Wannan canji ne ko ba canji ba?

Na biyu, ranar da Krillin ya ɗaga takobin Yajirobe zai gama da Vegeta. Goku na kwance ƙasusuwa a karye ya roƙe shi ya bari. Ba don tausayi ba, shi da kansa ya amsa cewa son rai ne, yana so ya sake karawa da shi. Yamcha, Tien, Chiaotzu da Piccolo duk sun mutu a ranar. A nan ne muka fara ganin cewa a bayan murmushin nan akwai mutumin da faɗa ya fi masa zaman lafiyar duniya. Wanda ya yi wannan shi ne ya je ya cilla wa mugu Cell ƙwayar senzu mai dawo da ƙarfi kafin ya kara da Gohan, ɗan Goku.

Bakatsine:
Na farkon na ba ka. Na biyun kuwa tona hali ne, ba gyara hali ba. An nuna mana aibin, amma Goku bai taɓa barinsa ba.

'Yar Damagaram:
Ni ko hakan ya ishe ni. Jarumin da ba a taɓa tona aibinsa ba kamar hoton bango yake.

Yaya Babba:
Ƙannena, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma ba zai yiwu a yi maganar abokin hamayya a anime a tsallake inda abin ya kafu ba. Ku nemi Ashita no Joe. An fara buga shi a 1968 aka gama a 1973, Tetsuya Chiba ne ya zana, Ikki Kajiwara ya rubuta da sunan Asao Takamori.

Joe Yabuki ɗan titi ne, mai fito da baki, mai damfara, yaran unguwar talakawa na bin sa duu. Tsohon ɗan dambe Danpei ya yi roƙo har ya gaji a kan ya koyi dambe, Joe ya mai da shi abin cin kuɗi. Abin da roƙo bai yi ba naushi ɗaya ya yi. A gidan gyaran hali na yara ya gamu da Toru Rikiishi, ya shimfiɗe shi ƙasa. Daga ranar Joe ya fara ɗaukar katin darussan da Danpei ke aiko masa da muhimmanci.

Sai matsala ta taso: Rikiishi ya fi Joe girman jiki, ba ajin nauyi ɗaya suke ba. Don ya kara da shi sai ya rage nauyi zuwa ajin Joe, ba ci ba sha har ya koma ƙashi da fata. Suka yi turmi takwas. Rikiishi ya kayar da shi da naushin ƙasan haɓa. Joe ya tashi ya miƙa masa hannu, Rikiishi ya miƙo nasa, kafin hannuwan su haɗu ya kife. Bai tashi ba.

Abin da ya sa na kawo shi nan shi ne abin da ya biyo baya. Joe ya koma fage yana cin nasara, amma hannunsa ya ƙi zuwa kan abokin karawa, sai jiki kawai yake duka. Da ya tilasta wa kansa, amai ya yi a tsakiyar fili. Abokin hamayyar ya mutu amma yana cikin kowane naushi nasa har faɗan ƙarshe da Jose Mendoza. Wanda ya san gidan dambe ya san haka take, ana tuna ɗan dambe ne da wanda ya tsaya masa, ba da waɗanda ya kashe a turmin farko ba.

Ranar 24 ga Maris 1970 aka yi wa Rikiishi zaman makoki na gaske a ginin kamfanin Kodansha da ke Tokyo, marubuci Shuji Terayama na cikin waɗanda suka shirya, ɗaruruwan mutane suka halarta. Mutumin da babu shi sai a takarda.

Autan Zongo:
Kai, Yaya, wallahi ban taɓa jin wannan ba. Zaman makoki fa ka ce?

Malamar Firamare:
Ku yi min afuwa, zan ɗan dagula muku ruwa. Rikiishi na yarda da shi, domin ya girmama Joe har ya ba da ransa don su tsaya daidai. Amma a zauren nan sau nawa ake sa Bakugo na My Hero Academia a wannan sahu? Ni ba na kiran abin da ya yi wa Midoriya hamayya. Zalunci ne. A babin farko ya ƙone masa littafin da yake rubuta bayanan jarumai, ya jefar ta taga, ya ce masa in yana son baiwa ya faɗo daga saman bene ko zai samu a wata rayuwar. Sunan Deku ma shi ya laƙa masa da ma'anar mara amfani, sai daga baya Uraraka ta juya ma'anar.

Ina koyar da 'yan aji biyar. Na taɓa samun yaro mai in-ina da wani ya sa a gaba zango guda, har ya daina ɗaga hannu a aji ko da ya san amsa. Bai zama jarumi ba, shiru kawai ya koya. Don haka idan na ga labari yana nuna wa yara cewa wanda ya ci zalinka shi ne ya kai ka gaba, raina ba ya so.

Ɗan Fagge:
Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan yaron nan, kuma babu mai wanke Bakugo na farkon labari. Amma marubucin, Horikoshi, bai ce zaluncin ne ya gina Deku ba. Abin da ya gina shi kallon da yake yi wa Bakugo ne. Tun suna yara yake nazarin motsinsa, shi ya sa a karawarsu ta farko a makaranta ya san da dama zai fara kawo duka, ya kama hannun ya maka shi da ƙasa. Da ya koyi baza ƙarfinsa a duk jiki, tsallen da yake yi na Bakugo ne, har shi Bakugon ya gane ya fusata. A faɗansu na dare bayan babban jarumi All Might ya yi ritaya, Deku ya amsa a ransa cewa All Might ya yi masa nisa, siffar nasara da yake gani kusa da shi ita ce Kacchan, wato Bakugo.

Malamar Firamare:
Duk wannan zai iya koya daga yaro mai hazaƙa wanda ba ya dukansa. Todoroki ma abokin gasarsa ne, ai ba mu ga ya ce masa ya kashe kansa ba.

'Yar Damagaram:
Anti Malama, a nan ina bayanki rabi. Abin da ya sa nake kallon Bakugo daban shi ne labarin gungumen nan. Yana yaro ya zame ya faɗa rafi, sauran yara suka tsaya a sama suna cewa ai Kacchan ne ba abin da zai same shi, Deku kaɗai ya sauka ya miƙa masa hannu. Wannan hannun ne ya tsana shekara goma. Kirkin Deku da ke sa kowa son shi, shi Bakugo tsoro yake ba shi. Kuma shi ne ya fara cewa yaron nan ba ya lissafa kansa cikin waɗanda za a ceta, lokacin da manya har da All Might suke yaba masa a kan wannan halin. Da Deku ya bar makaranta yana yawo shi kaɗai cikin ruwan sama, ba barci ba wanka, Bakugo ne ya ja 'yan ajin suka je suka dawo da shi. A babi na 322 ya sunkuyar da kai ya ba shi haƙuri, ya kira shi Izuku.

Inda nake bayanki shi ne, haƙurin ya zo a makare, kuma ba mu ga an taɓa hukunta shi a kan maganar benen nan ba.

Malamar Firamare:
Babi 321 kafin a ce yi haƙuri. Na ji bayaninki ƙanwata, ya kuma sa zan sake duba wurin, amma ba zan nuna wa 'yan ajina shi a matsayin abota ba.

Mai Raga:
Malama, ga wanda za ki nuna musu: Haikyu na Haruichi Furudate, 2012 zuwa 2020. Ina buga ƙwallon raga tun sakandare, kuma ban ga labarin da ya gane yadda ɗan wasa ke girma kamarsa ba.

Hinata tsayinsa santimita 162.8, ga fara'a, duk inda ya shiga sai ya yi abokai. Wasansa na farko a ƙaramar sakandare ƙungiyar Kageyama ta gama da su cikin minti 31. Kageyama bai yaba masa tsallensa ba, ta cikin raga ya tambaye shi me ya yi da shekara ukun da suka wuce. Hinata ya rantse sai ya kayar da shi, ya je Karasuno, ya buɗe ƙofar ɗakin wasa ya tarar da shi a ciki. Abokin hamayyarka ya zama mai ɗaga maka ƙwallo, in ba shi ba ba ka da bugu.

Wurin da nake so ku lura shi ne bugun nan nasu mai sauri. Hinata ido rufe yake tsalle, Kageyama ke kai ƙwallon daidai tafin hannunsa. Kowa na tafi, amma gwanintar ta Kageyama ce. Sai Aoba Johsai suka tare bugun a makin ƙarshe suka fitar da su. Hinata ya ce daga yau zai buɗe ido, Kageyama ya ce ba a buƙatar ra'ayinsa a wannan bugun, har suka ba hammata iska.

Daga baya aka gayyaci Kageyama sansanin matasa na ƙasa, ba a gayyaci Hinata ko'ina ba. Ya kutsa sansanin Shiratorizawa ba gayyata, tsohon kocin nan Washijo ya gaya masa a fuska cewa in babu Kageyama bai ga amfaninsa ba. Ya zauna yana tsintar ƙwallo. A tsintar ƙwallon nan ya koyi karanta jikin mai bugu kafin ya buga. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin baya ya san wannan ne ke raba ɗan wasa da mai tsalle kawai. Bayan makaranta ya tafi Rio a Brazil ya yi shekara biyu yana wasa a rairayin bakin teku, inda mutum biyu ne kawai a gefe, dole ka iya komai. Da ya dawo suka haɗu a manyan ƙungiyoyi, Black Jackals da Adlers, abu na farko da ya yi shi ne tarbe sabis ɗin Kageyama.

Kageyama bai taɓa koya masa darasi a zaune ba. Tafiya kawai ya yi ta yi gaba bai jira shi ba.

Ɗan Maiurno:
Salamu alaikum daga Sudan. Mu nan da Kaftin Majid muka tashi, fassarar Larabci ta Captain Tsubasa. Abin da zan faɗa shi ne a unguwarmu yara sun fi son Bassam, wato Hyuga, a kan Majid. Majid ɗan gata ne, ƙwallo abokinsa, kullum murmushi. Bassam maraya ne, yana raba jarida don ya taimaki mahaifiyarsa da ƙannensa, ya naɗe hannun riga ya shigo fili kamar mai zuwa karɓar bashi. Shi muka gane. Majid ya doke shi a wasan ƙarshe na firamare, shi kuma ya je bakin teku yana buga ƙwallo cikin igiyar ruwa har ya fito da bugun damisa. Wasansu na ƙarshe a ƙaramar sakandare 4 da 4 aka tashi, aka ba ƙungiyoyin biyu kofi. Majid da ciwo a kafaɗa da ƙafa ya buga wasan. Ranar ce na fara ganinsa a matsayin mutum mai jin zafi, kuma Bassam ne ya kai shi wannan bangon.

Autan Zongo:
To duk na ji, amma ku amsa min Luffy. Tun 1997 Oda ke zana One Piece, babu jarumin da ya kai shi shiga rai, kuma ba shi da Sasuke ba shi da Vegeta. Zoro na da Mihawk da alkawarin Kuina, yana da Sanji da suke cacar baki, Luffy fa? Abin da ya girmar da shi asara ce. Bartholomew Kuma ya watsa masa mutanensa a Sabaody yana kallo, Akainu ya kashe yayansa Ace a hannunsa a Marineford, sai da Jinbe ya sa shi ya ƙirga abin da ya rage masa da yatsu. Daga nan ya yi shekara biyu yana horo, shekara ɗaya da rabi a ciki wurin Rayleigh. Ina abokin hamayya a nan?

Bakatsine:
Auta ya kama ku. Kada wani ya ce min Kid ko Law, waɗannan abokan tafiya ne.

Mai Raga:
Katakuri fa? Na san na ɗan lokaci ne, amma a cikin duniyar madubin nan Luffy ya yi awanni yana shan duka wurin mutumin da ya fi shi a komai, har ya koyi hango abin da ke tafe daga kallonsa. Da Katakuri ya gane ƙanwarsa ce ta harbi Luffy a ɓoye, sai ya soke cikinsa da mashinsa don su dawo daidai. Rikiishi ke nan a wata riga.

'Yar Damagaram:
Na yarda Luffy ba shi da tsayayyen abokin hamayya, shi ya sa ma halinsa bai motsa sosai ba, kamar Goku. Ƙarfi ya ƙaru, nauyin shugabanci ya ƙaru, amma babu wanda ya zauna masa a wuya shekara da shekaru yana ce masa yadda kake kallon duniya ba daidai ba ne. Oda duniyar yake canzawa ta hannun Luffy. Wani irin labari ne daban, kuma yana da daɗinsa.

Malamar Firamare:
Bari na dawo da ku kan Naruto, domin akwai abin da ke damuna da ba a taɓo ba. A ƙasar ƙanƙarar nan ya durƙusa ya sa goshi a ƙasa gaban Raikage, shugaban garin Kumo, yana roƙon a yafe wa Sasuke, alhali a sanin kowa a lokacin Sasuke ya kama ƙanin Raikage ya miƙa wa ƙungiyar miyagu ta Akatsuki. Kafin nan ya tsaya Karui, ɗalibar ƙanin Raikage, ta yi masa dukan kawo wuƙa bai rama ba. Da ya ji abokansa sun yanke shawarar gamawa da Sasuke, numfashinsa ya sarƙe ya faɗi. Wannan girma ne ko ciwo? Yaron da ke son zama shugaban gari, ya fifita mutum ɗaya a kan jinin mutanen wata ƙasa?

Ɗan Fagge:
Malama, ni wannan wurin ne ma na fi so. Karo na farko da ya yi magana da dukan zuciyarsa aka ƙi saurara. Raikage ya wuce ya bar shi cikin ƙanƙara. Da ya farfaɗo bai sake cewa zan dawo da shi don na yi wa Sakura alkawari ba. Ya je ya sami Sasuke ya ce masa in muka sake karawa dukanmu za mu mutu, kuma na yarda, ƙiyayyarka ka sauke ta a kaina kada ka kai ta Konoha. Ya daina jan Sasuke ta ƙarfi, ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. A babi na 698 suna kwance, shi babu hannun dama, Sasuke babu na hagu, sannan Sasuke ya ce na faɗi. Kusan shekara goma masu karatu suka jira wannan kalmar tun faɗan farko.

Bakatsine:
Da an bar shi haka da ya fi. Abin da ya ɓata min shi ne zancen Ashura da Indra, cewa su biyun dama ruhin wasu 'yan uwa ne da ke ta dawowa, har ya bi ta kan Hashirama da Madara. To ina maganar da ya yi wa Neji a kan ƙaddara? Ni na fi son hamayyar yara biyu marayu, ɗaya na zaune bakin ruwa ɗaya na wucewa ta sama, kowa na son yi wa ɗan uwansa magana girman kai ya hana. Wannan ta ishe ni, ba sai an jawo kakanni ba.

'Yar Damagaram:
A kan wannan ba ni da ja. Wurin bakin ruwan nan ya fi min duk bayanin Hagoromo, uban Ashura da Indra.

Malamar Firamare:
Ɗan Fagge, ka ba ni amsar abin da Naruto ya koya, ba ka ba ni amsar samurai da Sasuke ya kashe a wurin taron shugabannin garuruwa biyar ba. Su ba su da wanda zai durƙusa dominsu. Ina nan a kan bakana.

Autan Zongo:
Yaya Babba, na koma kan maganarka. Joe ɗin nan daga ina zan fara? Na ga kamar kala biyu ne.

Yaya Babba:
Fara da na 1970, kashi 79 ne, Osamu Dezaki ya ba da umarni. Na biyun na 1980 ne, kashi 47, ya ɗora daga bayan mutuwar Rikiishi, zanensa ya fi kyau amma kada ka fara da shi. Zanen na farkon zai yi maka tsufa a ido, ka daure kashi goma za ka saba.

In ka kai wurin rage nauyin nan ka nutsu. An ɗaure duk famfunan gidan horon da waya don kada ya sha ruwa. Wani dare ƙishi ya fi ƙarfinsa, ya fito kamar mahaukaci yana bin famfo ɗaya bayan ɗaya. Yoko, jikar mai gidan horon, ta tare shi da kofin ruwan ɗumi tana kuka, ta ce ya sha. Ya karɓa ya riƙe, ya yi mata godiya, ya zubar da shi a ƙasa ya koma ɗakinsa.